Aiken Yaya Shittu

Jabir Sabuwa ba mai yawan magana ba ne, ko a gudu ma ba a jin ƙarar ƙafarsa. A garinsu ya koyi gudu ba tare da ya san koyo yake yi ba. Gonar mahaifinsa tana hayin rafi, shi ne kuma ɗan aiken gidan, mai kai fura ya dawo da ƙwarya kafin a kira azahar.

Ranar da ya sauka Madina karatu bai san kowa ba, Larabcin littafi kaɗai ke bakinsa. Shittu ne ya tarbe shi, wani ɗalibi ɗan Zariya da ya riga shi zuwa. Shi ya nuna masa ɗakin kwana, ya koya masa yadda ake ciniki a kanti ba a yi masa dariya ba. Da zazzaɓi ya kayar da shi, Shittu ya yi ta dama masa kunu har ya miƙe. Tun daga nan ya zama Yaya Shittu, shi ne kuma ya ja shi ƙungiyar gudun famfalaki ta jami'a.

Bayan asuba mota kan kai su bayan unguwar Ranuna, inda hanya ke ratsa baƙaƙen duwatsu. Nan ne kawai Jabir ba ya jin kansa baƙo, don ƙafa ba ta neman tafinta. Mai horar da su, Ustaz Osman, Bahaushen Sudan ne, rabin maganarsa Hausa rabi Larabci, kuma idonsa ba ya kuskure. Ya lura kowa na isowa yana haki ban da Jabir, amma kullum yana bayan kafaɗar Shittu. In Shittu ya sassauta saboda gwiwarsa da ke damunsa, Jabir ya sassauta.

Da Osman ya tsare shi da tambaya, Jabir ya sunkuyar da kai. Ya ce a gidansu ba a shiga gaban babba a hanya, shi kuwa ba zai iya nuna wa Yaya ƙeyarsa ba. Osman ya yi dariya har ya dafa mota, sannan ya tsuke fuska. Ya ce gasar Yanbu ta matso, rigunan wakiltar jami'a kaɗan ne, masu so da yawa. In bai yi gudunsa na gaskiya a can ba, wani zai ba rigar.

Shittu ya ji labari, ya yi ta tsokanarsa a hanya, wai shi bai taɓa ganin jela mai takalmi ba. Ya ce ya yafe, Jabir ya riƙa wuce shi abinsa. Jabir ya ce to. Washegari yana nan a bayan kafaɗar.

A Yanbu iskar teku ta yi nauyi, yashi na riƙe ƙafa, ga hayaƙin matatun mai can nesa. Ba su kai rabi ba gwiwar Shittu ta motsa. Mutane suka fara wuce su ɗaya bayan ɗaya. Jabir na ganin rigarsa na kuɓuce masa, ƙirjinsa cike da numfashin da bai taɓa ba, amma ƙafarsa ta ƙi.

"Jabir," in ji Shittu, bai ko waiwayo ba.

"Na'am, Yaya."

"Ƙishirwa nake ji. Ruwa na wurin Ustaz, can ƙarshe. Je ka karɓo mini, kada ka bar ni ina jira."

Aiken babba ba a yi masa musu, ba a kuma yi masa nawa. Jabir ya ce to, ya raɓa ta gefensa, ya saki ƙafa kamar fura ce a hannunsa mahaifinsa na jira a gona. Waɗanda suka wuce su ɗazu sai ganin bayansa suka yi. Bai zo na ɗaya ba, amma cikin na gaba-gaba ya shiga.

Osman ya taho da hannu buɗe zai rungume shi, yana ta mashaallah. Jabir ya ce a yi masa afuwa, an aiko shi ne. Ya ɗauki gorar ruwa ya koma ta bayan igiyar da aka killace hanya da ita, har ya iske Shittu yana ɗingishi. Ya rusuna ya miƙa masa da hannu biyu.

Shittu ya sha, ya goge baki. "Ka daɗe," ya ce, idonsa ya ciko.

Rigar ta zauna wa Jabir. Daga ranar, kafin kowane atisaye sai Shittu ya ƙirƙiro abin da ya manta a mota ko a hannun Osman. Yanzu Shittu ya gama karatu ya koma Zariya, gwiwar ma ta raba shi da gudu. Amma duk safiyar gasa saƙon muryarsa na shigowa wayar Jabir, yana cewa akwai ruwansa can ƙarshe, a hanzarta. Jabir kan saurara a tsaye, ya ce to, sannan ya ɗaure takalmi.