Ranar da Inna ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Komai zan iya mantawa a rayuwata ban da abin da aka yi wa Inna a shekarar da yayanmu ya rasu. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Shi ne ɗan farinta. Mota ce ta buge shi a kan babur a hanyar Mai'adua, ko asibiti bai kai ba. To a gidanmu na Sandamu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Tun da ta haife shi Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wannan yaron". Da ya rasu ma haka aka zuba mata ido. Mu muka yi kuka har muryarmu ta dushe, ita kuwa tana kan tabarma tana karɓar gaisuwa ido a bushe. Gwaggo, yayar marigayi mahaifinmu, wadda ke juya gidan tun bayansa, sai nuna ta take wa baƙi: "Kun ga mai kunya! Ko ɗigon hawaye." Kowa na sa albarka. Babu wanda ya lura yadda na kai mata tuwo haka nake ɗauke shi.

Bayan arba'in Inna ta rame, zani ma ba ya zama a ƙugunta, barci ya ƙaurace mata. Na kai ta asibitin garinmu a gwada jininta. A can muka tarar da malamai da ɗalibai daga sashen nazarin halayyar ɗan Adam na wata jami'a. Ashe duk mako suke zuwa, a ba su ɗaki, su saurari duk mai damuwa, ba allura ba ƙwaya.

Wata malama mai sanyin murya ta shiga da Inna, ni ta ce in jira a benci. Ta bayan ƙofa na ji ta ce, "Mama, yaya sunansa?" Can sai Inna ta kira sunan, ta sake kira, sannan ta fashe da wani irin kuka da ban taɓa ji ba. Da muka koma gida ta sha fura, ta yi barci har la'asar.

Ashe wata maƙwabciyarmu da ta zo awo ta ji komai, ta kai wa Gwaggo labari. Kafin magariba Gwaggo ta faɗo tsakar gida ko sallama babu.

"Ke yanzu da girmanki ki je gaban baƙi kina kiran sunan ɗan fari kina kururuwa? Ɗakin mahaukata aka ce kin shiga! Kin zubar mana da mutunci. Daga yau ba ke ba asibitin nan."

Na ce, "Gwaggo, yau fa ta sa abu a bakinta."

"Rufe min baki, mara kunya!"

Mace na ƙarewa a gabansu wata da watanni ba wanda ya ce uffan, sai ranar da ta samu sauƙi ne ta zama abin kunya.

Mako ya zagayo Inna ba ta je ba, ta koma gidan jiya. Na tafi na zayyana wa malamar komai, ina so ta taya ni zagi. Ta ƙi. Cewa ta yi, "Ba za mu ja Mama da ƙarfi ba. Amma ai ba a hana ta'aziyya." Da yamma sai ga ta da ɗalibanta mata. Suka durƙusa suka gaida Gwaggo, suka yi wa mamacin addu'a. Da za su tafi ta ce wa Inna, "Mama, muna nan duk mako, in kin ga dama."

Da ranar ta zo Inna ta ɗauki mayafinta. Gwaggo ta tare ƙofar zaure. Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga mata murya ba, ta dube ta ta ce, "Yaya, na yi masa kunya yana raye, har ya tafi bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Ya isa haka. Matsa min."

Gwaggo ta matsa, amma ta shekara ba ta amsa gaisuwarmu. Ko a jikina. Inna dai ta warke, ta yi ƙiba, har jikoki ta goya.

Abin da na koya shi ne, akwai waɗanda gara musu ka mutu ana yabonka da ka rayu ana maganarka. Irinsu na daina neman yardarsu, ko da jinina ne.