Takardar da Aka Ƙunsa Mini Ƙosai

Wata bakwai ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Tsorona kada garin neman a rufa asiri in ƙara tona shi. Amma abin ya ƙi barina, shi ya sa na rubuta, ba kuma zan kama sunan kowa ba.

Facin taya nake yi a unguwar Bolari, nan Gombe, kusa da tasha. Kullum da safe wajen wata dattijuwa nake sayen ƙosai. Ran nan na cinye, zan goge hannu da takardar da ta ƙunsa mini, sai idona ya faɗa kan wani suna. Karatuna iyakar firamare ne, amma ya isa in gane abin da ke hannuna. Sakamakon gwajin jini ne daga wani asibitin kuɗi, ga suna, ga shekaru, ga unguwa. Na maƙwabcina ne, mutumin Borno da rikici ya koro, wanda muke haɗa kafaɗa a sahu. Cutar ba zan faɗe ta ba. Mai ya jiƙa wurin, amma tana karantuwa sarai.

Sai kuma na tuna ni ma bara a asibitin nan aka ɗebi jinina, kuma abin da aka gano, daga ni sai uwar 'ya'yana muka sani.

Na koma na tambayi dattijuwar inda take samun takardun. Ta ce wani mai baro ne ke kawo mata a buhu.

"Ɗan nan, ƙosai ka saya ko jarida?" in ji ta. "Ni da boko ko gaisawa ba ma yi."

Ban ga laifinta ba. Na nemo mata tsofaffin jaridu, ta bar mini buhun. A bayan shagona na zauna ina ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, ina neman tawa. Nan ma wani alhakin na ɗauka, don ba yadda za ka nemi sunanka ba ka karanta na wasu ba. Har da na wata mai shago a Herwagana da nake yi wa mijinta faci. Ina istigfari ina jefawa a wuta. Tawa ba ta ciki.

Washegari na je asibitin. Ma'aikacin da ke kan tebur da ƙyar ya ɗago kai. Ya ce sun koma kwamfuta, tsofaffin fayiloli kuwa share sito aka yi, kuma gwamnati ta yi dokar kare bayanan mutane, in kwantar da hankalina.

Na ce, "Ranka ya daɗe, dokar ta san da buhu?"

Ya ce in ba kati zan yanka ba, in matsa wa na baya.

Maƙwabcina har yau ban faɗa masa ba. Muna gaisawa ina sunkuyar da kai kamar na yi masa sata. Ni kuma duk wanda ya daɗe yana kallona, sai in ce shi ke nan, a takardata ya ci ƙosai.

Don Allah wanda ya sani ya sanar da ni, dokar nan ta haɗa da takarda, ko kwamfuta kaɗai take gadi? Wane ofishi ake kai kuka a Gombe, ba tare da an sa mutum ya faɗi cutarsa a gaban layi ba? In kuma an ƙunsa maka wani abu a irin takardar nan, ka gaya mini unguwar kawai. Sunan kada ka faɗa, ko da nawa ne.