Tafasa da Rumbun Babanmu

Yammacin wata Laraba ce a tsakiyar marka, daminar 1974, wadda ta biyo bayan shekarar fari. Ina tsugune a gindin murhu a gidanmu da ke wani ɗan ƙauye kusa da Ajingi, na toshe hanci da bakin zanena, ina tura ɗanyen icen da ya ƙi ci sai hayaƙi. A kan murhun tukunyar faten tafasa ce ke ɓararraka, tana tofo wani koren kumfa da ke gangarowa ta gefenta yana faɗawa cikin wuta. Shekarata tara a lokacin. Abin da ke cikin tukunyar nan shi ne abincin gidanmu na yinin gaba ɗaya, babu wani kafinsa in ban da ruwan koko da safe, babu wani bayansa. Na san abin da na zuba a ciki, kuma duk gidan ni kaɗai na sani.

Ni dai Allah ya sani, tun ina ƙarama ban ga abin da na tsana irin tafasa ba. Masu cewa tana da daɗi su je su yi ta ci, Allah ya ba su lafiya. Ganye ne da kan tsiro ko'ina da zarar ruwa ya sauka, a bakin hanya, a gefen gona, awaki ma sai sun rasa abin ci suke kula shi. Da an ɗora shi a wuta sai wani hamami ya tashi, irin na wankin da aka jiƙa aka manta da shi kwana uku a kwatarniya. Warin kan shiga zane, ya shiga kitso, ya bi mutum har shimfiɗa. Ruwan farko da ake tsiyayewa baƙi-baƙi ne, in an watsa shi a bayan madafa ƙudaje su yi ta bi. In na kai loma baki sai in ji ta yi mini laɓe-laɓe a harshe, ga bauri, ga wani santsi, maƙogwarona ya ƙi karɓa. Sai na runtse ido na kora da ruwa take wucewa.

Kafin farin, tafasa abin marmari ce a gidanmu, sau ɗaya sau biyu a damina a yi kwaɗonta da ƙuli-ƙuli, in na ƙi ci ba wanda ya damu. Amma a wannan daminar ta zama ita ce abincin. Iya, kakata ta wajen uba, ita ke riƙe da girki, saboda Inna na fama da goyon ƙanwata Ladi, jaririya 'yar wata huɗu da ba ta da aiki sai kuka. Kullum bayan la'asar Iya takan shiga ɗakinta ta fito da tsakin dawa ɗan cikin tafin hannu biyu, ta watsa shi cikin ganye cikin ƙwarya guda, ɗan gishiri, ɗan barkono, daddawa in an samu. Kafin rana ta faɗi an sauke. Jiya tafasa, yau tafasa, gobe ma ita. Wani lokacin a sirka da rama ko yaɗiya, amma rama ba ta isa, yaɗiya kuwa sai an yi tafiya mai nisa. In an zo rabo, Iya takan laluba ƙasan tukunya da ludayi, inda tsakin ya kwanta, ta zuba wa Inna. “Ci ki samu ruwan nono,” haka take cewa kullum, “ba don ke ba, don wannan 'yar.” Ni kuwa a raina cewa nake son kai ne kawai.

Tsinko ganyen aikina ne. Da na dawo daga makaranta, in ajiye allon rubutu, in ɗauki ƙwarya in bi hanyar gona tare da sauran 'yan mata. Iya ta koya mini aikin tun ina 'yar shekara shida: a tsinki kan da ya yi laushi, kada a taɓa wanda ya fara fure, kada a kusanci na juji ko na bayan gari komai kyansa. Ta kuma nuna mini rai-ɗore, ɗan uwan tafasa, ta ajiye su gefe da gefe a tafin hannuna. Ganyen tafasa bakinsa a zagaye yake, na rai-ɗore mai tsini ne, kuma in ka murza shi ɗoyinsa ya ninka. Shi magani ne, ana dafa shi a yi wa mai zazzaɓi wanka, ba a sa shi a tukunyar abinci. Mukan tsaya a gindin wata tsamiya mu yi carafke har mu shagala, sai mun ga inuwa ta miƙe mu tashi a guje mu cika ƙorai.

A makaranta ma ban tsira ba. Mu 'yan mata ba mu da yawa a ajinmu, benci ɗaya muke zama. Akwai wata 'yar malamin gona da aka kawo mahaifinta daga Gaya, ita takan zo da waina a ƙullin ganye. Wata rana ta sunsuna mayafina, ta yamutsa fuska, ta matsa can ƙarshen benci, ta ce wai Talatu warin tafasa take yi. Sauran suka kwashe da dariya, alhali kuwa kowacce a cikinsu ita ta ci ta kwana. Ranar na dawo gida ina huci, na wanke mayafin da toka har sau biyu, na shanya, na sunsuna, yana nan yadda yake.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rumbunmu. Yana tsaye a tsakar gida, ƙato, an yaɓe shi sumul, kuma a farkon daminar nan da idona na ga Baba ya yi masa sabuwar jinka, ya ɗaure ta tamau. A garinmu yaro ba ya leƙa rumbu, mace ma ba ta hawa, maigida kaɗai ke buɗe shi. To wa zai ɓata ƙarfinsa ya yi wa rumbu sabuwar jinka in ba hatsi a ciki? Na yanke a raina cewa Baba rowa yake yi, yana ɓoyon dawa yana ciyar da mu ciyawa. Kullum da asuba ya saɓa fartanya ya fita, sai yamma lis ya dawo, na ɗauka gonarmu yake yini. Sai na ƙulla dabara irin ta yaro: in tukunyar tafasa ta lalace yadda ba mai iya ci, dole a buɗe rumbu a tuƙa mana tuwo.

Ranar Larabar nan ban bi 'yan mata gona ba. Na tsinki tafasa rabin ƙwarya a bakin hanya, sannan na zagaya bayan juji, kusa da turken jakunan unguwa, inda rai-ɗore ya yi kore shar. Ina takawa ƙafata na nutsewa cikin kashin jaki da ruwan sama ya jiƙa, amma haka na cika ƙwaryar. A gida na wanke, na yayyanka shi ƙanana yadda ba a gane bakin ganye. Iya idonta ya yi rauni, ga mura ta toshe mata hanci a satin, Inna kuma na ɗaki tana jijjiga Ladi. Na zuba a tukunya da hannuna. Ina kallo Iya ta fito daga ɗaki da ɗan kaskon da take ajiye tsaki, ta juye shi, ta bubbuga gindinsa, har ta sa yatsa ta kankare abin da ya maƙale. Ban kawo komai a raina ba.

Da aka sauke, Iya ta laluba ƙasan tukunya ta zuba wa Inna kamar kullum. Inna ta kai loma ɗaya, sai ta zabura ta yi bayan danga tana kakarin amai. Iya ta lakato ta ɗanɗana, ta tauna a hankali, ta tofar a tafin hannu, ta kai kusa da ido ta daɗe tana dubawa. Ba ta tambaye ni ko kuskure na yi ba, don ita ta koya mini, ta san na sani. Cewa kawai ta yi, “Talatu, me muka yi miki?” Ni kuma bakina da bai da linzami, na miƙe ina kuka ina nuna tsakar gida, na ce ba ga rumbu nan cike ba, kullum ciyawa, kullum ciyawa, sai ka ce awaki! Na rufe ido ina jiran mari, amma marin bai zo ba.

Iya ta tashi da ƙyar, ta jawo tsani ta jingina da rumbun, ta ce in hau. Na ce ai an hana. Ta ce yau an ba ni izini. Na hau, na tura jinkar gefe, na leƙa. Hasken yamma ya shiga har ƙasa. Ƙaiƙayi ne ɗan kaɗan a gefe ɗaya, sai kashin ɓeraye, sai saƙar gizo-gizo daga wannan bango zuwa wancan. Ko zangarniya ɗaya babu. Wani warin ruɓaɓɓen wuri ya bugi fuskata. Daga ƙasa Iya ta ce, a hankali don kada maƙwabta su ji, “Mayar da jinkar yadda kika same ta. Ubanki ya yi ta ne don kada a san halin da muke ciki.” A nan na ji cewa tun kafin ruwan farko rumbun ya ƙare, kuma Baba ba gonarmu yake yini ba. Da sassafe yake ɗan taɓa ta, sannan ya taka har wajen Kademi ya yi ƙwadago a gonar wani, a sallame shi da 'yar dawa, ya ƙullo ta a cikin riga ya shigo da ita ba wanda ya gani. Wadda Iya ta kankare ɗazu ita ce ta ƙarshe, sai ranar Juma'a za a sake ba shi.

Baba ya dawo dab da magariba, Iya ta gaya masa a taƙaice. Bai dube ni ba. Ya wanke hannu, ya ce ba a zubar da hatsi, ya jawo akushi ya ci. Ina ganin jijiyar wuyansa na tashi duk lomar da ya haɗiye. Iya ma ta ci. Inna kuwa Iya ta hana ta, ta ce zai bi nono ya ɓata wa jaririya ciki, don haka da ruwa kawai ta kwana. Ba wanda ya ce in ci, ni na jawo kwanona. Ɗacinsa har cikin kunne, ɗoyin juji na dawo mini a kowace loma, hawaye da majina na zuba a ciki, ina haɗiya yana tasowa ina mayar da shi. Ban taɓa jin ƙyamar wani abu irin ta ranar ba, kuma ba faten kaɗai nake ƙyama ba, har da kaina.

Washegari mu uku muka tashi da gudawa. Baba ya rame a kwana ɗaya, amma haka ya saɓa fartanya ya fita. Ladi ta kama nono ta saki, ta kama ta saki, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Da hantsi Iya ta ɗauki ƙwarya ta rufe da faifai, ta yafa mayafi, ta tsaya a bakin zaure ta daɗe ba ta fita ba. Tsohuwar da tun da aka kawo ta garin ba a taɓa jin ta roƙi ko gishiri ba, ranar ta shiga gidan maƙwabta ta faɗi abin da Baba ya yi wata da watanni yana rufewa. Ta dawo da ɗan wake da garin rogo, ta dafa wa Inna. Ladi ta rayu, alhamdu lillahi, yau ma jikokinta sun fi nawa yawa. Bayan sati uku gero ya nuna muka gasa tumu. Amma daga ranar ban sake ganin Baba ya zauna a dandali da yamma ba sai bayan kaka.

Yanzu ina zaune a Gaya wajen ɗana. Matarsa malamar makaranta ce, takan dawo a gajiye ta kunna gas, ta yayyanka alayyahu da kabeji da karas, kafin a kira magariba ta sauke, ƙamshi ya cika gida. Jikokina su zauna suna tsince ganyen suna turawa gefen faranti, in buɗe baki zan yi faɗa sai in tuna ko ni wace ce, in yi shiru. Likita ya ce jinina ya hau, in riƙa cin ganye, sai ga shi ana sayo mini kwaɗon tafasa a leda daga kasuwa, wai abin marmari. Rumbu babu shi a gidan nan, a buhu ake sayen hatsi, Iya da Baba da Inna kuma duk sun riga mu gidan gaskiya, ban taɓa iya buɗe baki na ba Baba haƙuri ba. Har yau warin tafasa na tayar mini da zuciya, kuma har yau ban sake barin ko loma ɗaya a kwano ba.