Masu Zuwa Ɗiban Wuta

Gidan da na tashi a Nima, cikin Accra, ɗaki goma sha ɗaya ne, famfo ɗaya, tsakar gida ɗaya. Akwai Dagomba, akwai Zabarmawa, akwai Kotokoli, amma da yamma kowa Hausa yake yi, kowa da irin tasa. Idan an idar da Magariba an ci tuwo, kakata, wadda duk gidan ke kira Mma Asabe, takan jawo kurfotinta na gawayi bakin ƙofa ta hau suyar gyaɗar da za ta sayar gobe. A damina iskar teku kan hawo har unguwarmu, sai mu yara mu kewaye wutar muna miƙa tafin hannu. Har yau idan na ji ƙanshin gyaɗa a kan gawayi, muryarta nake ji.

"Ku matso, ga wata ta iso," in ji ta.

"Ta zauna mu ji ta," mu amsa.

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa, mu kuwa ita muka fi rainawa, don babu dodo a ciki, babu kura. Wata mata ce wadda wutar murhunta ba ta taɓa mutuwa. Kowace safiya maƙwabta sukan shigo da kasko su ɗebi garwashi. Mai shigowa sai ta yi sallama, ta tambayi kwana, ta tambayi ƙafar da ke ciwo, ta ba da labarin akuyarta, kafin ta fita rana ta ɗaga. Matar ba marowaciya ba ce, surutun ne ya gundure ta. Sai ta yi dabara: da asuba ta cika babban kasko da garwashi ta ajiye a waje, ta ja ƙofarta. Kowa ya ɗiba ya wuce, ba a ɓata wa kowa lokaci.

Da farko ana ɗiba. Daga baya masu zuwa suka ragu, har aka daina. Wata rana ciwo ya kwantar da ita, kwana uku ba wanda ya sani. A na huɗu wata tsohuwa ta tura ƙofar ta shiga. Matar ta ce, "Yau ba ni da wutar da zan ba ki." Tsohuwa ta ce, "Baiwar Allah, kowa a garin nan yana da ƙyastu a ɗakinsa. Da can ma ba wuta ke kawo mu ba."

Ranar da Mma Asabe ke cikin nishaɗi, matar takan warke. Ranar da ba ta ciki, tsohuwa kan same ta ta riga ta yi sanyi. Na taɓa tambayarta wanne ne gaskiya. Ta ɗan buge ni a ka da ludayi.

"Kai, Iliyasu, ci gyaɗarka. Ya danganta da ranar da aka tura ƙofar."

Karatuna bai yi nisa ba. Na koyi aikin famfo a Kanda, na auri Hajara, aka haifa mana Ramatu. Tana shekara huɗu na tafi Jamus, na zama borga, kamar yadda ake kiran irinmu a gida. Shekara ashirin da uku ina bin wani Bajamushe gida-gida muna gyaran boila, wato tukunyar gas da ke dafa ruwan wanka, ta kuma tura ruwan zafi cikin hitocin ƙarfe da ke jikin bango don ɗaki ya yi ɗumi. Na iya aikin, ba yabon kai ba. Abin da iyalina suka nema kuma ban hana ba: keken ɗinki, firji, littattafan makaranta. Amma idan Hajara ta kira, kalmata ta farko ita ce, "Me kuke buƙata?"

Kiranta na ƙarshe, cewa ta yi firji yana ƙara. Na ce a janye shi daga bango a share bayansa. Sai ta ce, "To, Malam." Na kashe waya, don ina kan tsani. Bayan wata biyu ta rasu. Ashe ta daɗe da ciwon, kuma mai gyaran firji yana nan bakin layinmu. Ban samu jana'iza ba. Ramatu ce ta tsaya a kan komai, ita da ƙannen uwarta.

Yanzu mun yi musaya. Ni na dawo gida, ina ɗaki ɗaya a Maamobi, daga masallaci sai benci, ita tana Ingila tana aikin jinya, da mijinta da 'yarta da ban taɓa ɗauka ba. Tsakaninmu sai saƙon barka da Sallah, layi biyu. Ban ga laifinta ba.

Ranar wata Laraba bayan La'asar wayata ta yi ƙara, kiran bidiyo. Ramatu ce, cikin rigar sanyi har wuya.

"Baba, ina wuni. Gidan nan sanyi paa. Famfo yana ba da ruwan zafi, amma hita ko ɗaya ba ta ɗauka."

Bakina ya san hanya. Na ce ta duba abin saita zafi da ke bango, ko batirinsa ya mutu. Lafiya lau. Na ce ta nuna mini agogon da ke gaban boilar. Allurar tana tsakanin ɗaya da biyu, ruwa bai ragu ba ke nan. Na sa ta kawo ɗan makullin hita da tsumma ta sassauta kan ɗaya, ko iska ce ta taru. Ruwa ya fito, babu iska.

"To, ƙara zafin har ƙarshe, ki taɓa bututun da ke fita zuwa ɗakuna."

"Sanyi ƙalau, Baba."

"Na wanka fa?"

"Kai! Ya ƙona ni."

"Shi ke nan. Akwai wani bawul a ciki mai raba hanya, ya tura zafi famfo ko ya tura ɗakuna. Duk rani ba ku kunna hita ba, sai ya cije a gefe ɗaya. Wutar lafiyarta lau, hanya ce ta toshe. Kada ki buɗe murfin, gas ba abin wasa ba ne. Ki kira mai gyara."

Na ji muryar yarinya a bayanta tana tambayar wane ne. Ramatu ta ce, "To, Baba." Ni kuwa na ce Allah ya taimaka, na kashe.

Na yi Magariba cike da jin daɗi, wai na gano cuta daga Accra. Ina dawowa na wuce wata mai suyar gyaɗa a bakin kwata, ƙanshin ya tare ni, sai abin da idona ya gani ɗazu ya dawo mini. A jikin boilar akwai takarda a manne, da lambar mai gyara, manyan baƙaƙe. Tana ganinta kullum. Tana da maigidan haya, tana da miji, tana da ƙyastu a ɗakinta. Kuma "To, Baba" ɗin nan, da muryar uwarta ta faɗe shi.

Na zauna a bakin gado, fanka na juyawa, ba kowa. Shekara sittin ina ɗaukar tatsuniyar nan labarin mace mai ƙin mutane. Ashe matar tana bayarwa, kullum kaskonta cike. Ƙofar ce kawai a rufe. Ban san ko rana ta uku nake ba ko ta huɗu, ban kuma san wane ƙarshe Mma Asabe za ta ba ni ba.

Kwana biyu ina ɗaukar wayar ina ajiyewa. Ranar Juma'a bayan an sauko na danna. Ta daɗe tana ringi, har na cire rai.

"Baba? Ai an gyara tun jiya. Bawul ɗin ne, yadda ka ce. Gida ya yi ɗumi."

"Madalla."

"Akwai wani abu ne? Me kake buƙata?"

Kalmata ce, ta dawo mini da ita, kuma ba da mugunta ba. Ita na koya mata. Na share ido da hannun riga.

"Ba komai, uwata. Wuta na zo ɗiba. Kin tashi lafiya?"

Na ji numfashinta, na ji ƙarar kujera da aka jawo. Can ta juya ta yi kira cikin gida.

"Hajara! Zo ki gaida kakanki."