Gurbin da na bar wa Pak Cik

"Wa ke kaɗa jita a baya?" Farfesanmu ne ya tsayar da makaɗa ɗazu da hantsi.

Wallahi babu jita a zauren. Kiɗan Gypsy jaz ne na maƙwabcina a unguwar Sentul, Pak Cik Rahim (wato Kawu Rahim a yaren mutanen nan), da ya rasu bara. Ni na faɗaɗa shi don makaɗa arba'in, aikin digirina. Na raba wa masu goge da masu busa komai, amma inda tsohon yakan kaɗa jitarsa shi kaɗai, na kasa ba kowa.

Na ce, "Prof, nan shiru na rubuta."

Ya ce da salon maganar mutanen nan, "To, wani ya cike shi, lah. Har tari ya yi kafin ya shiga."

Haka Pak Cik yake yi kullum.

Jama'a, in toshe gurbin ko in bar masa?