Baffa Sale Alƙalin Kaji

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu a Jibiya da hantsi ya san inda zai iske Baffa Sale: zaune bisa kifaffen turmi, da dogon kara a hannu, yana sauraron ƙarar kaji. Shekara da shekaru yana ɗan kamasho a tashar motocin Maraɗi, yana raba direbobi faɗa. Da ƙafa ta gaza, sai ya dawo da alƙalancin tsakar gida.

Shi ƙanen mahaifina ne, a hannunsa na tashi. Ni kuwa lokacin ba ni da aiki sai karatun littattafan soyayya, ina jiran ranar da wani zai ce mini hasken idanuna. To, na ji kalmar a gidanmu, daga bakin Baffa kuma, mutumin da bai taɓa buɗe littafi ba. Sai dai kaza ya faɗa wa.

Wani direba ne ya kawo masa ita daga tsallaken iyaka, 'yar fara, siririya. Baffa ya sa mata Gimbiya, ya kife ta da kwando a tsakiyar gida, ya ce sati guda za ta yi ana kallon juna, don baƙo ba ya kutsa gari sai an saba da fuskarsa. A kwana na biyu ya tafi gaisuwar mutuwa Daddara. Ni kuma ina son kwandon in kwashe shanya, na ɗage shi. Kafin la'asar wata jar kaza, wadda yake kira 'Yar Kamasho saboda ba kaskon da ba ta da rabo a ciki, ta tsige wa baƙuwar wuya har jini.

Da ya dawo bai yi mini faɗa ba, kuma wallahi da ya yi da ya fi mini. Ya shiga ɗakina, ya juye kwalin littattafaina a kan tabarma, ya mai da kwalin gadon jinya. Ya kwashi man kaɗanyata da na sa wa turare ya shafe wuyan, ya bi da bular wanki, wai kaji in sun ga ja ba su bari. Yana shafawa yana ce mata sannu, hasken idanuna. Na tuna masa cewa ranar da na ƙone da ruwan zafi cewa ya yi in sa gishiri.

“Ke kin yi ihu unguwa ta ji,” in ji shi. “Wannan wa ya ji ta?”

Maƙwabta suka ce ya yanka jar kawai a huta. Ya ƙi. Ya ce ya ga haka a tasha: ka kori azzalumi da safe, mataimakinsa ya hau kujerar kafin azahar. Sai ya kai jar bayan rumbu inda ba ta ganin kowa, da ruwanta da tsabarta, kwana uku. Da aka sako ta, ta iske an raba mulki ba da ita ba, ta koma cin abinci a gefe kamar baƙuwa.

Abin da na daɗe ban yafe ba shi ne ranar da Habibu ya fara zuwa zance. Na sha lalle, na haddace maganganun da zan mayar masa. Baffa ya tare shi a zaure, ya tambaye shi ko ana kiwo a gidansu. Bawan Allah ya ce gyatumarsa na da kaji a Magama, kuma suna faɗa. Shi ke nan. Ina bayan ƙyaure ina jin ana bayanin kasko uku nesa da juna, da rataya ganyen yakuwa don baki ya samu aikin yi, har aka kira magariba. Sati na zagayowa ya dawo, ya gaishe ni a tsaye ya ce Baffa na ciki? Habibun na aura dai, amma har gobe ban tabbata wurin wa ya fara zuwa ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da Baffa, na zo jinya. Kullum tambayarsa kaji. Nakan ce masa wance ta hana wance kasko, wance ta fara ɓuya bayan randa. Ran nan abin ya ishe ni, na ce, “Baffa, shekara ashirin ina gabanka. Ni ba ni da suna mai daɗi ne?”

Ya dube ni ya yi 'yar dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce alƙali wurin mai rauni yake zama, ni kuwa tun ina ƙarama ba a taɓa tsige mini ko gashi ɗaya ba. Sannan ya sa aka kira 'ya'yansa, ya ce kajin nawa ne. Suka ce ai ni ce na fi kowa ƙinsu.

“Shi ya sa,” ya ce. “Cikinku wa ya san wadda ba ta ci ba yau? Mai kishi ba ta ɗauke ido. Ɗiyata, na bar maki su.”

Ɗiyata. Sau ɗaya ya faɗa, ta kuma ishe ni.

Allah Ka jiƙan Baffa Sale. Yadda ya tsaya wa marar baki, Ka tsaya masa ranar da baki ba ya amfani. Ka yalwata masa kabarinsa, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen. Amin.