Matuƙin Jirgi a Tashar Mafara

A tashar motar Talata Mafara, Barira mai fura ta kasa ɗauke ido daga wani mai furfura da ke zaune kan buhun gero, yana ta kaɗa ƙafa. Wasan tuƙa jirgin sama yake yi a waya, yana roƙon mai ba jirage hanya, can a intanet, ya bar shi ya yanke, kada ya zagaya. Wataƙila malamin makaranta ne da ya so zama matuƙi. An ba shi izini, ya yi murmushi.

Sai direba ya leƙo. "Malam, taso. Mutanen daji sun tare hanyar Gidan Goga, zagayawa za mu yi."

Ya kashe wayar ya miƙe. Wannan karon bai roƙi a yanke ba.